A Nemo Haziƙan Yaranmu Tun Suna Firamare

Jama'a, babu makarantar firamare a ƙasar nan, komai nisanta da birni, da za a rasa yaron da yake riga malami isa ƙarshen darasi. Kafin a gama rubuta lissafi a allo ya riga ya san amsa. Babu inda za a rasa yarinyar da za a ba littafin karatu ran Litinin, kafin Juma'a ta kai bangon ƙarshe, sauran zangon kuma ta yi ta zaman jiran 'yan ajinsu. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irin yaran nan, wani malamin ma yana iya kiran sunayensu bayan shekara ashirin. To, me muka tanadar musu? Ba darasi na daban, ba littafin da ya ɗara na ajinsu, ba malamin da aka koya wa yadda zai tafi da su. Iyakar abin da akan yi shi ne a naɗa yaro monita, a miƙa masa takarda ya rubuta sunayen masu surutu, ko a sa shi ya riƙa biya wa aji abin da ya haddace tun bara. Wannan asara ce, kuma asarar tamu ce duka. Shi ya sa nake kira ga iyaye da malamai da masu unguwanni da masu riƙe da mulki: a shigar da tsarin kula da yara masu baiwa cikin firamaren gwamnati, ta birni da ta ƙauye, kuma a fara tun wannan zangon karatu.

Ba a ce hukuma ba ta san da zamansu ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ambaci yara masu baiwa cikin waɗanda suke buƙatar kulawa ta musamman, a babi ɗaya da makafi da kurame. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka zauna aka tsara shirin nemo su, kuma daga wannan shiri ne aka buɗe makarantar haziƙai ta tarayya a Suleja a 1990. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Abuja tana da tata a Gwagwalada. Jigawa ta gina ta Bamaina, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, zamanin Sule Lamido. Katsina ta ɗauko nata makarantu na musamman a Radda da Jikamshi da Dumurkul. Kano kuwa ta daɗe da farawa: tun 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma duk wanda ya zaga asibitocin Kano da Jigawa yana tambayar likitoci inda suka yi sakandare, zai ji sunan Dawaki ya yi ta maimaituwa. Ayyukan alheri ne waɗannan, Allah ya saka wa waɗanda suka yi su.

Amma a dube su da kyau. Dukkansu sakandare ne. Sai yaro ya shafe shekara shida a firamare sannan a buɗe masa ƙofar farko, a makarantun kimiyya ma sai ya ƙara wasu shekarun. Ƙofar kuma jarrabawa ce da Turanci, a cibiyar da ke cikin gari, bayan an sayi fom an cike. Ku gaya mini, wa zai ci wannan jarrabawa? Yaron da ya yi makarantar kuɗi, wanda ake yi wa lesin da yamma, wanda mahaifinsa ya san ranar da ake fara sayar da fom. Ɗan manomin da ke wani ƙauye a bayan Gumel ko Ɗanmusa ko Gwadabawa, wanda Allah ya ba irin kan da ba a samun biyunsa a gari ɗaya, shi ko labarin makarantar Suleja bai taɓa ji ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, makarantar haziƙai ta tarayya kuwa ɗaya ce tak. Ko an yi adalci tsantsa wajen ɗiba, 'yan ƙalilan ne za su samu gurbi. Jarrabawar da ake yi bayan aji shida ta fi auna gatan da yaro ya samu a shekarun da suka wuce, bisa baiwar da ya zo da ita duniya.

A cikin waɗannan shekaru shida ne ɓarnar take aukuwa. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma kowa ya san akwai azuzuwan da yara suka haura ɗari, a zaune a ƙasa, wasu har bakin ƙofa. Malamin da ke fama da wannan taro ba a ga laifinsa in ya bi takun mafi yawa, don dole ya maimaita abu ɗaya har sai na baya sun kamo. Shi kuma yaron da ya gane tun karon farko, me zai yi da sauran lokacin? Sai ya fara tambaya. Malam, me ya sa in an raba lamba da rabi take ƙaruwa? Malam, ina rana take zuwa da dare? Sai a ce masa mai iyayi, ko fitinanne, ko marar kunya mai son ƙure na gaba. In ya gaji ya tsokani na kusa da shi, bulala ta hau. Wasu yaran sukan gane cewa shiru ya fi musu lafiya, sai su daina ɗaga hannu, su koma bayan aji, kuma kafin aji biyar sun saje da kowa. Wasu su fara fashin makaranta, don sun ga tasha da gareji sun fi aji abin koyo. Yarinya kuwa, da yake ba wanda ya taɓa zuwa gida ya shaida wa iyayenta irin abin da Allah ya ba ta, sai farantin talla ya rinjayi jakar littattafai. Kaifin ƙwaƙwalwa ba ya zaman banza. Duk yaron da muka ƙi ba kansa aikin kirki, akwai masu jira a waje su ba shi nasu aikin, kuma mun ga abin da hakan ya jawo mana a Arewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu ba baƙi ba ne a wannan fanni. Ku shiga kowace tsangaya ko makarantar allo. Yara talatin a zaune, amma kowa da allonsa, kowa da inda yake. Wanda ya iya karatunsa ya je ya biya wa malam, a ce ya wanke, a yi masa ɗori. Ba a taɓa ce wa yaro ya dakata a babbaƙu har sai sauran sun iso ba. Mai saurin ɗauka ya wuce farfaru, ya shiga hadda, ya yi sauka da ƙuruciyarsa, mai nawa kuma ya tafi a hankali ba tare da an kore shi ba. In alaramma ya ga yaro ya yi zarra, yakan jawo shi kusa, ya ƙara masa tilawa, in ya ga ya kai inda ya kamata ya tura shi wurin gwanin da ya fi shi. Daga gardi zuwa alaramma har zuwa gwani, iyawa ce take ɗaga mutum. Abin da masana ilimi na zamani suke rubuta littattafai a kansa, cewa a bar kowane yaro ya tafi da saurinsa, kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin sa da allo da tawada. Makarantar boko ce ta zo ta ɗaure yara da shekarun haihuwa, ta ce duk 'yan shekara takwas shafi ɗaya za su buɗe.

Ga kuma musabaƙa. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa. Ana farawa daga ƙaramar hukuma, a je jiha, a je ƙasa, zakaru su wakilci Nijeriya har Saudiyya. Akwai rukunin maza, akwai na mata, daga masu izu kaɗan har masu izu sittin da tafsiri. Yarinyar da ba wanda ya san sunan ƙauyensu tana iya hawa wannan tsani har gwamna ya miƙa mata makullin mota. Malaman Islamiyya sun san ranar gasa, iyaye sun sani, attajirai suna ba da kyaututtuka, gidajen rediyo suna watsawa. Madalla da wannan, kuma Allah ya ƙara masa albarka. Tambayata ita ce: al'ummar da ta iya gina wa mahaddata irin wannan tsani, me ya hana ta gina makamancinsa ga yaro mai kan lissafi, da mai iya ƙirƙirar labari, da wanda yake harhaɗa mota da gwangwani da batir? Yawanci ma yaran ɗaya ne. Wanda ya haddace izu goma yana ɗan shekara tara, shi ne da safe yake hamma a aji uku don an hana shi wuce jadawalin sau biyar.

Ƙasar nan ta sha haifar irinsu. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan gidajen lambobi waɗanda ko ta ina aka tara su jimla ɗaya suke bayarwa, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Farfesa Iya Abubakar ya fito daga Belel ta Adamawa, ya bi ta Kwalejin Barewa da Jami'ar Ibadan har ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Gasar rubutu guda ɗaya da aka shirya a 1933 ita ce ta fito da Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya tashi yana zanen motoci, shi ne ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka. Waɗannan su ne suka tsira suka kai. Yau yawanmu ya ninka na zamaninsu, masu irin kansu ma sun ninka, suna nan zaune a azuzuwan da ba tagogi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ƙasar da UNICEF ta taɓa cewa yara kusan miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke, ina ita ina zancen haziƙai? A fara samar da aji da benci tukuna. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ku lura da wanda yake cutuwa in aka ce a jira. Ɗan mai hali ba ya jiran kowa, an riga an kai shi makarantar da za ta ja shi iyakar ƙarfinsa. Ɗan talaka ne kaɗai ba shi da wata mafita sai firamaren gwamnati. Duk shekarar da aka ɗage wannan aiki, shi aka zalunta. Kuma malaman da za su koyar da miliyoyin da ke waje, da likitocin da za su zauna a asibitin karkara, da injiniyoyin da za su gyara mana ruwa da wuta, daga ina za su fito in ba daga cikin waɗannan yaran ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya yi shekara shida yana koyon cewa tambaya laifi ce, da wuya sakandare ta dawo masa da abin da ya rasa.

Abin da ake nema kuma bai kai tsadar gina sabuwar makaranta ba. A kowace firamare a samu malami ɗaya da aka horar ya iya gane alamun baiwa. Masu horarwar muna da su: Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman, ga kwalejin tarayya ta Oyo da aka kafa don wannan fanni, ga kwalejojin horar da malamai a jihohinmu. Wannan malami ya buɗe rajista tun daga aji biyu ko uku, ya rubuta yaran da aka lura da su da abin da aka gani a tare da su, rajistar ta bi yaro har ya gama. A ware musu awa biyu a mako, ko da a ƙarƙashin bishiya ne, a ba su abin da zai sa su gumi: gidajen lambobin al-Katsinawi, auna tsawon bishiya da inuwarta, lissafin ribar ɗan kasuwa, shuka wake a gwangwani biyu a ga wanne zai riga fitowa da dalili, rubuta labari a karanta wa makaranta ran Juma'a. A ajiye akwatin littattafai, a sa Magana Jari Ce da taswira da ƙamus da littattafan azuzuwan gaba, a bar yaro ya ara ya kai gida. In yaron aji uku ya fi ƙarfin lissafin ajinsu, a bar shi ya shiga aji biyar lokacin lissafi, ya dawo cikin sa'o'insa a sauran darussa. Sannan a yi gasa duk shekara daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha. Kano tana da mazaɓu 484, Katsina 361, Jigawa 287. Ko yara biyar aka fitar daga kowace mazaɓa, dubbai ne da a da ba wanda ya san da su. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ta daɗe tana shirya gasa, a nemi ta sauko da ita inda yaran suke.

Akwai abin da zai iya kashe wannan aiki tun yana jariri, kuma dole a faɗe shi: alfarma. Ranar da takardar wane ta fara shigar da suna cikin rajista, ranar shirin ya mutu. A bar gwajin a hannun malaman da ba na makarantar ba, a kafe sakamako a bango kowa ya gani. A yi gwajin da Hausa a ƙananan azuzuwa, don yaron da bai iya Turanci ba tukuna ba daƙiƙi ba ne. Kada kuma a tsaya ga wanda yake zuwa na ɗaya kawai. Sau da yawa mai zuwa na ɗaya mai biyayya ne da ƙoƙari, alhali mai baiwar yana can na ashirin don ya gaji da kwafe allo. A duba makarantun 'ya'yan makiyaya, a duba makafi da kurame da guragu, a duba almajirin da ke lissafa canji da ka kafin mai shago ya taɓa kalkuleta. Abin da wasu makarantun kuɗi suke yi na tura kowane yaro sakandare daga aji huɗu ko biyar, wannan ba kula da baiwa ba ne, gaggawa ce kawai. Tsallaka aji magani ne ga yaron da aka gwada aka tabbatar, kuma sai da shawarar iyayensa.

Kuɗi fa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma a cikinsu akwai kaso na horar da malamai da na kayan koyarwa. Shekara da shekaru ana jin jihohi sun bar biliyoyin naira a can don sun kasa kawo nasu rabon. Gwamnoni, ku je ku ɗauko kuɗin nan. 'Yan majalisar jiha, ku sa layi na musamman a kasafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, don yara masu baiwa a firamare, kada a taɓa ɗan abin da aka ware wa naƙasassu, wanda shi ma bai ishe su ba. Ku da kuka gama Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Barewa da Suleja, kuna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuna da hali. Kowannenku akwai firamaren da ta yaye shi. Ku koma can da akwatin littattafai, ku biya alawus ɗin malamin da zai zauna da yaran nan, ku sayi fom ɗin jarrabawa ga waɗanda suka cancanta. Alhazanmu da suke raba shinkafa da azumi, Allah ya karɓa, amma a haɗa da wannan.

Iyaye, naku ya fi na kowa. Na san akwai masu ɓoye hazaƙar ɗa don tsoron baki. A yi masa addu'a, a nema masa tsari, amma kada tsoron baki ya sa a binne kyautar Allah. Uwa, in 'yarki tana karanta duk takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki, ki faɗa wa malaminta. Nana Asma'u 'yar Shehu an bar ta ta yi karatu iyakar iyawarta, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru da suka kai ilimi ga matan ƙauyuka. Uba, in ɗanka ya kwance rediyo don ya ga mai magana a ciki, kafin ka ɗauki bulala ka tambaye shi abin da ya gano. Malamai, ku ne idon al'umma a cikin aji, kuma na san halin da kuke ciki na albashi da cunkoso. Duk da haka, kalma ɗaya daga bakinku tana iya sauya rayuwar yaro. Ku taka har gida ku ce wa mahaifinsa: Malam, yaron nan naka a riƙe shi da kyau, kada a cire shi. Limamai, ku sa maganar a huɗuba. Masu gidajen rediyo, ku ba gasar yara fili kamar yadda kuke ba siyasa.

Makarantunmu suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, inda mai unguwa da iyaye maza da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai suke da kujera. Wannan kwamiti naku ne, ba sai kun jira takarda daga Abuja ba. A zama na gaba ku tambayi hedimasta: su wane ne yaran da suka yi zarra a makarantar nan, kuma me ake yi musu? In ya ce babu tsari, ku zauna tare da shi a ranar ku fitar da malami ɗaya da awa biyu a mako. Ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku sa hannu ku duka, ku kai da kanku, ku ba kansilanku kwafi. In wata ya zagayo ba amsa, ku sake komawa, wannan karon tare da kwamitin makarantar da ke maƙwabtaka da ku.